Labarin Bismak, Wazirin da ya Haɗa Kan Jamus

An haifi Otto fon Bismak a 1815, watau shekarar da Nafoliyon ya sha kashi a Watalu. A zamanin nan babu wata ƙasa guda da a ke kira Jamus. Jamusawa dai harshensu ɗaya, amma suna rarrabe cikin ƙasashe 39, kowace da hukumarta. Manyansu biyu ne, Ostiriya da Furusiya, kuma kishi ya hana su zaman lafiya.

Bismak ɗan masu gonaki ne na Furusiya. Ya karanta shari'a, ko da ya ke a makaranta an fi saninsa da shaye-shaye da wasan takobi. Abin mamaki, mutumin nan da fari ba mai kishin Jamus ba ne ko kaɗan, shi dai bawan Sarkin Furusiya ne. Sa'ad da malamai da lauyoyi suka taru a Farankfot a 1848 don su haɗa Jamusawa da shawara, shi yana cikin masu yi musu ba'a. Suka miƙa wa Sarkin Furusiya sarautar Jamus duka, ya ƙi karɓa daga hannun talakawa, taro ya watse.

A 1862 Sarki Wilhelm ya saɓa da majalisa kan kuɗin soja, har ya yi niyyar murabus. Sai ya naɗa Bismak waziri. Shi kuwa bai tsaya jiran yardar majalisa ba, ya yi ta karɓar haraji, aka gyara runduna.

Sa'an nan yaƙi uku suka biyo. A 1864 ya haɗa kai da Ostiriya suka ci Danmak. A 1866 ya juyo kan Ostiriya ɗin, cikin mako bakwai aka gama. To, a nan ne hankalinsa ya bayyana. Sarki da mayaƙa suna ɗokin shiga Biyana su yanki ƙasa, Bismak ya kafe, ya hana. Bukatarsa kurum a fitar da Ostiriya daga sha'anin Jamus, kada a bar mata miki wanda za ta nemi ramuwa a kansa.

Saura ƙasashen kudu, irin su Bafariya, waɗanda ba su amince da Furusiya ba. Ya lura babu abin da zai jawo su sai abokin gaba na waje. A 1870 aka yi gardama da Faransa kan wanda zai hau gadon sarautar Sifen. Aka bugo wa Bismak waya daga Ems, ya datse maganar yadda za ta ji wa Faransawa zafi, ya ba jaridu. Faransa ta ɗaura yaƙi, mutanen kudu suka taso tare da na arewa, aka kama Nafoliyon na Uku a Sedan. Ran 18 ga Janairu 1871 aka naɗa Wilhelm Sarkin Jamus a fadar Barsai, cikin ƙasar Faransa. Amma rangwamen da ya yi wa Ostiriya bai yi wa Faransa ba: aka ƙwace Alsas da wani yanki na Loren, a ganina kuwa wannan shi ne babban kurensa, gama Faransawa ba su manta ba sai da suka karɓo su bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Ya riƙe Jamus shekara 19, kuma shi ya shugabanci taron Balin na 1884 kan sha'anin Afirka. A 1890 sabon sarki, Wilhelm na Biyu, yaro mai son gashin kansa, ya tilasta masa ajiye aiki. Ya koma gidansa kusa da Hambog yana ta sukar gwamnati, har ya rasu a 1898.