Emma Turner (1867–1940): Mai Ɗaukar Hoton Tsuntsaye

An haifi Emma Louisa Turner ranar 9 ga Yuni, 1867, a ƙauyen Langton Green da ke gundumar Kent ta ƙasar Ingila. Ita ce auta a gidansu, kuma mahaifinta ɗan kasuwa ne mai kanti. Ba ta shiga harkar ɗaukar hoto ba sai da ta haura shekara talatin, bayan ta haɗu da Richard Kearton a shekarar 1900, wanda ya yi fice a ɗaukar hoton tsuntsaye.

Daga nan ta mai da hankali ga fadamun Norfolk a gabashin Ingila. Ta sa aka ƙera mata jirgin ruwa mai ɗaki a tafkin Hickling, inda takan zauna wani ɓangare na kowace shekara har kimanin shekara 20. Sau biyu ta kwashe hunturu a can, lokacin da sanyi kan sa ruwa ya daskare. Kyamarar wancan zamani tana da nauyi, kuma a kan farantin gilashi take ɗaukar hoto. Saboda haka takan lulluɓe kanta da ciyawar fadama, ta yi shiru na tsawon sa'o'i har tsuntsu ya saki jiki ya matso.

Wannan haƙuri ya biya ta a shekarar 1911. Akwai wani tsuntsu dangin zalɓe da Turawa ke kira bittern, wanda farauta da busar da fadamu suka sa ya daina hayayyafa a Birtaniya tun ƙarshen ƙarni na 19. Tare da wani mai gadin daji, Jim Vincent, ta gano ɗan tsakonsa a Norfolk, ta ɗauki hotonsa. Hoton nan shi ya zama hujjar cewa tsuntsun ya dawo.

A shekarar 1924 ta zama mai gadi ta farko a tsibirin Scolt Head, inda ta kare ƙwan tsuntsayen teku daga masu kwashewa. A shekarar ce kuma littafinta Broadland Birds ya fito.

A ƙarshen rayuwarta ta rasa ganinta bayan aikin yanar ido da bai yi nasara ba. Ta rasu a Kambrij ranar 13 ga Agusta, 1940.