Thomas Hobbes

Thomas Hobbes (5 ga Afrilu, 1588 – 4 ga Disamba, 1679) masanin falsafar siyasa ne ɗan ƙasar Ingila. An haife shi kusa da garin Malmesbury, ya yi karatu a Oxford, sannan ya daɗe yana koyar da 'ya'yan gidan sarautar Cavendish.

A shekarar 1640, da rikici ya tsananta tsakanin Sarki Charles na ɗaya da majalisa, ya gudu birnin Paris. A can ya rubuta littafinsa Leviathan, wanda ya fito a 1651, shekara biyu bayan an fille kan sarkin. A ganinsa, idan babu hukuma kowa abokin gaban kowa ne, domin ko mai rauni zai iya kashe mai ƙarfi. Saboda tsoron mutuwa sai mutane su ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu, su miƙa iko ga mai mulki guda, sarki ko majalisa, muddin zai kare rayukansu.

Wannan ra'ayi bai yi wa magoya bayan sarauta daɗi ba, tunda ya jingina mulki ga yardar jama'a, malaman coci kuma suka zarge shi da rashin imani. Ya mutu yana da shekara 91.