Kwame Nkrumah, malamin da ya buɗe wa ɗan talaka ƙofar aji

Kafin Kwame Nkrumah ya zama shugaban Ghana na farko, malamin firamare ne irina. An haife shi a Nkroful a 1909, ya samu horon malanta a Achimota, ya koyar a Elmina da Axim, sannan ya tafi Amurka karatu a 1935.

Da ya karɓi ragamar gwamnati a 1951, sai ya fito da shirin da ya soke kuɗin makarantar firamare. A 1961 kuma doka ta mai da karatun dole, kuma kyauta.

Yara suka yi ta tururuwa, to amma ina malaman? Dole aka ɗebo waɗanda ba su da horo aka danƙa musu alli. Azuzuwa suka yi kaɗan, arewacin ƙasar bai kamo kudu ba. A zangunanmu kuwa, iyaye da yawa suka riƙe 'ya'yansu a makarantar allo don gudun makarantun mishan.

Sojoji suka hamɓarar da shi a 1966, ya mutu a Romaniya a 1972. A ganina, soke kuɗin shi ne mai sauƙin. Samar da ƙwararren malami a kowane aji shi ne aikin da har yau ba mu gama ba.