Rafa'el Lemkin, Lauyan da Ya Raɗa wa Kisan Ƙare-dangi Suna

An haifi Lemkin cikin shekara ta 1900 a wani ƙauye da ke ƙarƙashin Sarkin Rasha, inda yanzu ya ke ƙasar Belarus. Bayahude ne, ɗan manomi.

Yana ɗalibi, cikin 1921, wani saurayi Ba'armeniye ya harbe Talat Fasha a Barlin, watau tsohon babban wazirin Turkiyya wanda ya ke kan gaba wajen hallaka Armeniyawa a 1915. Aka gurfanar da saurayin gaban alƙali. Abin nan ya tsaya wa Lemkin a rai ƙwarai: wanda ya kashe mutum guda akwai dokar kama shi, amma wanda ya sa aka shafe kabila ɗungum babu. Masanan zamanin sun ɗauka abin da gwamnati ta yi wa talakawanta sha'anin cikin gida ne. Mu da muka saba da aikin ofis da kotu mun sani, laifin da ba ya cikin littafi, alƙali ba shi da ta cewa a kansa.

A 1933 ya aika wa taron masana shari'a a Madrid da shawarar a cike wannan giɓi, ba a karɓa ba. Da Jamus ta faɗa wa Folan a 1939 ya tsere, ya isa Amurka a 1941. Danginsa 49 suka halaka, har da iyayensa.

Cikin littafinsa na 1944 ya ƙago kalmar janosayid daga Girkanci da Latin. Daga nan ya yi ta bin wakilan ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, ba muƙami, ba albashi, har wasu suka gaji da ganinsa. Ran 9 ga Disamba, 1948, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana kisan ƙare-dangi, ta soma aiki a 1951. Ya so a sa har da rushe harshe da al'adun jama'a, aka cire. A ganinmu an yi asara a nan.

Ya rasu a Niyu Yok a 1959, matalauci. Kotun duniya ba ta kama kowa da laifin ba sai a 1998, sa'ad da kotun Arusha ta hukunta wani shugaban gunduma na Ruwanda, shekara huɗu bayan an kashe Tutsi dubu ɗaruruwa.