Mai Shari'a Mohammed Bello: Alƙalin da ya auna ƙuri'un Kano

A ranar 11 ga Agusta, 1979, jama'ar Kwaciri da Fagge da Sabon Gari suka bi layi tare da sauran Kanawa domin zaɓen shugaban ƙasa. Ba su san cewa ƙuri'unsu ne za su zama abin jayayya a gaban alƙalai bakwai na Kotun Ƙoli a Legas ba. Ɗaya daga cikin alƙalan shi ne Mohammed Bello, Bakatsinen da babu wanda ya taɓa jefa wa ƙuri'a, amma sau biyu makomar zaɓen ƙasa tana ratsawa ta gabansa.

An haifi Bello a Katsina a 1930. Mahaifinsa, Muhammadu Giɗaɗo, shi ne Wazirin Katsina, don haka a gidan ilimi da mulki ya tashi. Ya karanci shari'a a Landan, ya dawo gida ya kama aikin lauyan gwamnatin Jihar Arewa a 1956, lokacin da lauyoyi 'yan Arewa ba su taka kara sun karya ba. Ya zama majistare a 1961, sannan daraktan gabatar da ƙararraki na Arewa a 1964. A 1966 aka naɗa shi alƙalin Babbar Kotu, inda ya shafe shekaru yana sauraron shaidu da kunnensa, kafin a ɗaga shi zuwa Kotun Ƙoli a 1975. A Najeriya naɗa alƙali ake yi, ba zaɓensa ba, saɓanin wasu jihohin Amurka. Saboda haka amanar da ke kansa ta fi nauyi, domin talaka ba shi da ranar da zai kayar da shi a akwati.

Dokar zaɓen 1979 ta tanadi cewa sai ɗan takara ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Shehu Shagari na NPN ya cika sharaɗin a jihohi 12. A Kano, inda Malam Aminu Kano na PRP ya yi rinjaye, Shagari ya sami ƙuri'u 243,423 cikin 1,220,763, wato ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Obafemi Awolowo na UPN ya garzaya kotu, yana mai cewa ba a gutsura jiha, don haka jihohi 13 ake bukata. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya kafe cewa lissafin jihohi 12 ne da sulusi biyu na ta goma sha uku. Idan aka ɗauki sulusi biyu na ƙuri'un Kano, to, abin da Shagari ya samu ya haura rubu'insu.

A ranar 26 ga Satumba kotu ta kori ƙarar Awolowo, kuma Bello yana cikin masu rinjaye. Kayode Eso kaɗai ya ba Awolowo gaskiya. Bayan kwana biyar aka rantsar da Shagari. Har yau wasu na ganin hukuncin ya buɗe wa farar hula ƙofa bayan shekara 13 na mulkin soja, wasu kuwa na ganin an tanƙwara lissafi ne don kada ranar miƙa mulki ta gota.

A 1987 Bello ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya, ɗan Arewa na farko a wannan kujera. Jarrabawa ta biyu ta zo a 1993, lokacin da Moshood Abiola ya kayar da Bashir Tofa har a Kano, mahaifar Tofa. Manyan kotuna suka riƙa ba da umarni masu karo da juna, Janar Ibrahim Babangida kuma ya soke zaɓen a ranar 23 ga Yuni. A watan Agusta Bello ya rantsar da Ernest Shonekan a matsayin shugaban gwamnatin riƙon ƙwarya. Alƙaliyar Babbar Kotun Legas, Dolapo Akinsanya, ita ce ta haramta wannan gwamnati a ranar 10 ga Nuwamba, mako guda kafin Janar Sani Abacha ya karɓe mulki. Masu sukar Bello sun ce ya yi wa soja sassauci. Masu kare shi sun ce dokokin soja sun riga sun ɗaure hannun kotu.

Ya yi ritaya a 1995, Muhammadu Lawal Uwais ya gaje shi. Allah ya yi masa rasuwa a ranar 4 ga Nuwamba, 2004.

Matasan Kano sun ga irin wannan da idonsu. A 2023 kotun ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'u 165,663 na Abba Kabir Yusuf, sai Kotun Ƙoli ta mayar masa da su a ranar 12 ga Janairu, 2024. Kamar a zamanin Bello, aikin mai zaɓe yana ƙarewa a rumfa, amma nauyin ƙuri'arsa yana hannun alƙalin da bai zaɓa ba. Wanda ya damu da zaɓe, dole ya damu da yadda ake naɗa alƙalai.