Ilya Ivanov

Ilya Ivanovich Ivanov (1 ga Agusta, 1870 – 20 ga Maris, 1932) masanin halittun dabbobi ne ɗan ƙasar Rasha. Shi ne ya mayar da ɗurin maniyyi, wato zuba maniyyin namijin dabba a mahaifar tamata ba tare da barbara ba, ya zama aikin da makiyaya za su iya amfana da shi. Da wannan dabara ake ƙoƙarin ceto wasu namun daji da ke dab da ƙarewa a yau.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Shchigry da ke yankin Kursk. Ya kammala Jami'ar Kharkov a shekarar 1896, ya ƙaro ilimi a Cibiyar Pasteur ta birnin Paris, sannan ya koma gida ya ci gaba da bincike a Saint Petersburg.

Aiki a kan dabbobi

Da dawaki ya fara. A wancan lokaci ingarma ɗaya ba ya wuce goɗiya 20 zuwa 30 a shekara, amma Ivanov ya nuna cewa in aka tara maniyyinsa aka rarraba, zai iya wadatar da goɗiya har 500. Wannan ya ja hankalin masu kiwon dawaki daga ƙasashe da dama, daga baya aka faɗaɗa aikin zuwa tumaki da shanu.

Ya kuma yi aiki a gandun Askania-Nova da ke kudancin Ukraine ta yanzu, wanda Friedrich Falz-Fein ya kafa. A can ake kiwon dokin daji na Przewalski da ɓaunan Turai, waɗanda tun a lokacin adadinsu ke raguwa ƙwarai. Ivanov ya riƙa haɗa jinsuna masu kusanci da juna, kamar jakin dawa da jaki, ko ɓaunan Turai da saniya, irin yadda ake samun alfadari daga jaki da goɗiya.

Tafiyar Gini

A 1910, a taron masana dabbobi a birnin Graz na Ostiriya, ya kawo shawarar cewa za a iya haɗa ɗan Adam da biri. Gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta ba shi kuɗi, ya isa Kindia a Gini, wadda ke ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa, a watan Maris na 1926. A 1927, a Konakiri, ya yi gwajin a kan birai mata uku nau'in cimfanzi, kuma ko ɗaya ba ta ɗauki ciki ba. Mafi muni shi ne ya nemi a bar shi ya yi gwajin a kan matan ƙasar da ke kwance a asibiti ba tare da saninsu ba. Hukumomin Faransa suka hana shi. Wannan tabo ya kusa rufe sauran ayyukansa.

Mutuwa

An kama shi a ranar 13 ga Disamba, 1930, aka kore shi zuwa Alma-Ata a Kazakistan na tsawon shekara biyar. Can ya mutu sakamakon shanyewar ɓarin jiki. Ivan Pavlov ne ya rubuta ta'aziyyarsa.

Tasirin aikinsa

A Nijeriya, cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, tana yi wa shanu ɗurin maniyyi don inganta iri. A Sin kuwa da shi ake ƙara yawan dabbar panda. Farar karkandar arewa ta fi shiga tsaka mai wuya: namiji na ƙarshe, mai suna Sudan, ya mutu a Kenya a watan Maris na 2018, saura mata biyu, Najin da Fatu. Masana sun haɗa ƙwan Fatu da maniyyin da aka daskarar tun mazan suna raye, suna kuma ajiye da 'ya'yan tayin da aka samu, da niyyar dasa su a cikin farar karkandar kudu.