Dokta Ida Scudder, Likitar da Ta Koyar a Bakin Hanya

An haifi Ida Sophia Scudder a shekara ta 1870 a kudancin ƙasar Indiya, inda mahaifinta, mutumin Amurka, yake aikin likita da na bishara. Tun tana ƙarama ta ga yunwa da cuta sun addabi jama'a, har ta ƙudura a ranta cewa ba za ta gaji aikin gidansu ba. Da ta tafi Amurka karatu, niyyarta ta yi zamanta a can.

A 1890 rashin lafiyar mahaifiyarta ya komo da ita Indiya. Wani dare maza uku suka zo, ɗaya bayan ɗaya, suna roƙonta ta taimaki matansu da ke kan gwiwa. Ita ba ta san aikin ba, su kuwa al'ada ta hana su barin namiji, ko da mahaifinta ne, ya duba matansu. Kafin gari ya waye, matan nan uku duk sun rasu. Ida ta ɗauki wannan a matsayin kiran Allah. Ta koma Amurka, ta gama karatun likita a Jami'ar Cornell a 1899.

A 1900 ta fara jinya a garin Vellore da gado ɗaya tak, a 1902 kuma ta buɗe asibitin mata mai gado 40. Ganin talakawan ƙauye ba su iya zuwa gari, sai ta riƙa fita da magunguna, tana tsayawa a gindin itatuwa a bakin hanya, inda kutare da makafi da masu zazzaɓi suke jiranta.

Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1918 ta kafa makarantar horar da 'yan matan Indiya aikin likita, kuma takan fita da ɗalibanta zuwa wuraren nan. A can suka koyi gane cuta da ido da hannu, da sauraron matalauci cikin haƙuri, da yin magani da ɗan abin da ke akwai. Rukunin farko ya gama a 1922, aka fara karɓar maza a 1947.

Ida ba ta yi aure ba. Ta huta cikin Ubangiji a watan Mayu na 1960, tana da shekara 89. Makarantarta ita ce Christian Medical College ta Vellore, wadda har yau take tura likitocin da take horarwa su yi aiki a cikin ƙauyuka.